Shawar da Na Kafa wa Mahaifina

Mu uku ne a gidanmu na Tanut a shekarar da na gama jami'a: mahaifina, wanda kafaɗarsa ta dama ta sage bayan wata doguwar jinya; mahaifiyata; sai ni, ɗansu na fari. Akwai kuma gwaggona, yayar mahaifina, wadda ke aure a Falanko. Da yake ni ne ɗan fari, iyayena ba sa kiran sunana, kuma ba sa gaya mini magana kai tsaye idan akwai wata hanya. Haka na taso, ban taɓa ɗaukar abin a matsayin matsala ba.

Mahaifina ba ya iya ɗaga moɗa sama da kansa, kuma ya ƙi yarda kowa ya yi masa wanka. Da hannun hagu yake kamfatar ruwa daga wata tsohuwar randa a kusurwar makewayi, kaɗan-kaɗan, har ya kusa shafe awa guda. Na ga cewa maganin abin shi ne shawa, wadda mutanen gari ke kira dush.

Ruwan famfonmu ba shi da tabbas. Da asuba yakan zo da ƙarfi har ya fantsama daga bokiti, da hantsi ya koma kamar zare, wani lokaci kuma iska kawai ke fita. Na yi mako guda ina auna shi da agogo a famfon tsakar gida, sannan na tafi Zinder da takardata. Mai kanti na farko ya ce in ɗauki kan shawa mai faɗi, domin ruwa mara ƙarfi yana son ƙofa a buɗe. Na biyu ya ce sam, mai ƙananan huji ne ke matse ruwa ya ba shi ƙarfi. Na uku ya miƙo mini na hannu mai tiyo, ya ce duka biyun ba su san aiki ba. Kowane bayani ya yi daidai da wani abu da na karanta a makaranta. Na sayi biyun farko, na dawo ban san wanda na gaskata ba.

Mai aikin famfo ya kafa bututun sama da tsayin mutum, kamar yadda na gani a ɗakunan kwanan ɗalibai. Ya ce randar ta tare masa kusurwa. Muna jan ta waje sai ta tsage daga baki har gindi. Mahaifiyata ta dubi tsagar, ta koma wajen girkinta.

Washegari da asuba na gwada kai mai ƙananan huji, ruwa ya zubo yadda ake so. Na tafi makarantar da nake koyarwa da kwanciyar hankali. Da yamma na durƙusa na gaishe da mahaifina, na tambaye shi ko abin ya yi.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi albarka."

Juma'ar farko bai je masallaci ba, aka ce kafaɗa ce. Ta biyu ma haka. Na yi zargin ko feshin yana sukar fatarsa, na cire kan na sa mai faɗin. Na sake tambaya, ya sake ba ni amsar nan. Na rasa abin da zan gyara, tunda ba wanda ya ce wani abu ya lalace.

Bayan Juma'a ta uku gwaggo ta zo. Ta kwana ɗaya, da hantsi ranar Asabar ta kira ni bakin makewayi.

"Zo nan, malamin boko. Murɗa mini abin nan naka."

Na murɗa. Bututun ya yi tari, ya yi shiru.

"To, ina ruwan? Ko sai an yi masa Faransanci?"

Na ce, "Gwaggo, da asuba yana zuwa."

"Ubanka da asuba yake wanka, da wannan kafaɗar? Sai rana ta yi ɗumi yake shiga. Lokacin kuwa gari duka ya buɗe famfo, ruwa ko ƙugunka ba ya hawa. Kai a ina ka auna naka?"

A famfon tsakar gida na auna, wanda tsayinsa bai wuce gwiwa ba.

Ita ce ta gaya mini sauran. Mahaifiyata ta so ta riƙa kai masa bokiti, ya hana, ya ce kada yaron nan ya ga bokiti na shiga inda ya yi wahala. Sai ya shiga da butar alwala, ya zauna daidai lokacin da wanka ke ɗauka, ya jiƙa fuska da wuya, ya fito. Ba zai shiga sahun Juma'a a haka ba, shi ya sa ya zauna a gida.

Na tambaye ta me ya sa ba wanda ya faɗa mini. Ta ce, "Wa zai faɗa? Uwarka?" Ta yi dariya, ni kuwa har yau ban san abin dariyar ba.

Muka ɗora tano, wato gangar ruwa, a kan tubala, ana cika shi da asuba, aka sayo na hannu mai tiyo aka jona masa daidai tsayin mutumin da ke zaune. Juma'a ta huɗu mahaifina ya sa babbar riga ya tafi masallaci. Da na tambaye shi, amsar da ya ba ni ita ce ta da, da murya iri ɗaya. Na leƙa tanon, ruwa ya ragu, amma ba da yawan da lissafina ya nuna ba. Ban ƙara tambaya ba.

Abin da aka rasa: randa ɗaya, kan shawa biyu, bututu kamu shida, Juma'a uku.