Maikano na Falgore, Uban da Aka Kira Shaida

An haifi Malam Maikano a shekarar 1924 a wata ruga gab da dajin Falgore, ƙasar Doguwa. Mahaifinsa Hamidu makiyayi ne, mahaifiyarsa Habiba.

Tasowarsa da Aurensa

Bai yi nisa a karatun allo ba ya ɗauki sanda ya bi shanu. A 1949 ya auri Saude, mutuniyar Ƙiru, ta haifa masa ɗan fari, Buba. Bisa al'adar gidansu, Maikano bai taɓa kiran sunan yaron ba, bai kuma taɓa cewa nasa ne a gaban jama'a ba. "Wancan" yake ce masa.

Shari'ar 1986

A daminar 1986 aka tsinci gawar wani manomi a gefen burtali, aka kama Buba saboda an ga sawun shanunsa a wurin. Hukuncin laifin kisan kai rataya ne. Aka gurfanar da shi a babbar kotu a birni.

Maikano ya saba da alƙalin ƙauye, wanda yake tambaya da bakinsa, ya kuma san kowa da asalinsa. A can kuwa alƙali shiru yake yi yana rubutu, lauyan gwamnati ya ja, lauyan wanda ake tuhuma ya ja, abin da aka furta a gabansa kaɗai alƙalin yake aunawa. Wanda lauyansa ya fi baki, shi ya fi kusa da komawa gida.

Maikano ne shaidar cewa ranar da abin ya faru tare suka wuni da Buba a kasuwar Doguwa. Lauyan gwamnati ya nuna Buba ya ce, "Baba, wannan ɗanka ne?" Tsoho ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗan mutane ne." Aka tambaye shi sunan wanda ake tuhuma, ya ƙi faɗa. Lauya ya ce wanda bai san ɗansa ba, ta ina zai san inda ya wuni? Alƙali ya rubuta, bai nemi dalili ba, domin ba aikinsa ba ne.

Lauyan Buba matashi ne ɗan birni, bai gane ba sai da Hasana, ƙanwar Buba, ta tare shi a ƙofar kotu ta ce, "Haba ranka ya daɗe, ɗan fari ne fa!" Da aka koma zama, lauyan ya ce wa tsoho, "Baba, kotun nan ba ta san kunya ba. Abin da ba ka faɗa ba, babu shi." Maikano ya ɗaga kai ya ce, "Buba ne. Ni na haife shi. Tare muka wuni." A farkon 1987 kotu ta sallami Buba.

Ƙarshen Rayuwarsa

Maikano ya koma kiwo da ɗan noman dawa, bai sake taka birni ba. Allah ya karɓi ransa a watan Rajab na 1996 bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura a Falgore. Ya bar 'ya'yansa Hasana, Mudi, Tasalla, da Buba, wanda ya sa shi a kabari da hannunsa. Allah ya jiƙansa.