Surukin Alhaji Ɗanjuma

Cikin ranakun da ba na mantawa da su a aikin tafinta akwai wata Laraba a shekarar 2014. A lokacin ina zaune a unguwar Darrasa, ina raka marasa lafiyarmu asibitocin Alƙahira, likita ya faɗa da Larabci in mayar da Hausa. Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku ɗan saurara.

Alhaji Ɗanjuma tsohon direban tirela ne, ya ba sittin baya. Ciwon baya ya sa shi fara shan taramol, har ƙwayar ta fi ƙarfinsa. Mijin 'yarsa, Malam Nuhu, wanda ke karatun digiri a nan, shi ya kawo shi wani asibitin masu neman rabuwa da shaye-shaye. Likitar da ke duba shi ta ce min irin waɗannan mutane kowa ƙwayar yake kallo, a manta da huhu, alhali da yawansu sun daɗe suna zuƙar taba. Saboda haka duk wanda ya manyanta kuma ya jima yana sha, takan tura shi hoton ƙirji na siti-sikan, ko za a riski ciwon daji tun yana ƙarami. Wanda ya ce ba ya sha kuwa, ba ta da hujjar tura shi.

Ta tambayi ƙwaya, Alhaji ya amsa ba gargada, domin a wurinsa wannan magani ne. Da aka zo kan taba sai ya dubi Malam Nuhu da wutsiyar ido.

"Ni? Ban taɓa ba."

Likita ta kalli yatsunsa da suka rine. Ya ce goro ne. Na tsaya ina yi mata bayanin goro, ta ce, "Ma'alish ya Hajj," wato yi haƙuri Alhaji, "goron naku har tari yake sawa?" Na fassara, ya ce sosai ma.

Muka fito baranda, Malam Nuhu ya ja ni gefe. "Malam Habu, tun kafin in auri 'yarsa yake sha. Ni nake sayowa in ajiye a taga kamar wani ne ya manta. Ka gaya mata, amma kada ya sani."

Na ce abin da mara lafiya bai faɗa ba, ba na sa masa a baki, amana ce. Ga shi sun kusa komawa gida, in aka rufe zancen yau shi ke nan. Na ce ya dai ba mu wuri. Ya ce ina shi ina barin Baba shi kaɗai a hannun likita. Da ƙyar ya yarda ya tafi masallaci ya kama mana sahun azahar, alhali ko kiran salla ba a yi ba.

Ina komawa ciki Alhaji ya ce, "Malamin ya tafi?"

"Ya tafi, Baba."

"To gaya mata tun ina yaron mota nake sha. Kwali biyu, ranar tafiyar Legas uku."

Aka kwantar da shi a na'ura, ni ina ta faɗin ya riƙe numfashi, ya saki. Hoton ya nuna ɗan tabo a huhun dama. Aka ɗebi nama aka gwada, aka ce ciwon ne, amma cikin ikon Allah bai yaɗu ba, tiyata za ta iya cire shi. Alhaji ya yi hamdala, sannan ya ce in faɗa wa Malam Nuhu hayaƙin tirela ne. Na ce ƙarya ba zan yi ba, sai dai in yi shiru a kan dalili.

Ashe ban ma buƙata ba. Ina gama bayanin tiyatar, Malam Nuhu ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah sarki, Baba. Hayaƙin hanya ne, shekara da shekaru."

"Shi ne fa, Malam," in ji Alhaji.

Aka yi aikin lafiya, ya koma gida da ƙafarsa.

Tun daga ranar, kafin in fassara tambayar farko sai na duba waye ke zaune a ɗakin. Mutanenmu ba likita suke ɓoye wa ciwo ba, wanda ya rako su suke jin kunya. In kun ga dattijo da surukinsa, ku nema wa surukin abin yi a waje.