Jan Gam da Motar Baba Ɗanladi

Duk shekarun da na yi ina kwance inji a garejinmu na Tudun Wada, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da aka jawo mana motar Baba Ɗanladi daga Riruwai. Ranar kasuwa ce, bayan babbar Sallah. 'Yar ƙaramar mota ce ƙirar Japan, ta daɗe a kwance gindin mangwaro har kaji sun mai da ita gida.

Baba Ɗanladi tsohon direba ne tun zamanin haƙar kuza, kuma a lokacin idonsa ya riga ya tafi. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, to wa zai tuƙa ta?"

Ya ce, "Idi, ni ba tuƙi nake so ba. Kukanta nake so in sake ji. Marigayiya matata tun ina kwanar shiga gari take gane shi, kafin in iso ta ɗora min ruwan wanka."

Na ce in Allah ya yarda za ta tashi.

To, ku yaran yanzu, ku saurara. Injin nan shi ake kira rotari, ba shi da fistin ko ɗaya. Farantan ƙarfe ne ake jerawa kamar faya-fayai a ɗaure da dogayen kusoshi, a ciki wani ƙarfe mai kusurwa uku yana juyawa. Tsakanin faranti da faranti akwai siraran robobi kamar taliya, su ke hana ruwan lagireto shiga inda wuta take ci. Sai an ɗan shafa musu gam su zauna a cikin raminsu kafin a ɗaure. Robobin nan saiti ɗaya tak ɗan Baba ya samo daga waje da ƙyar. In muka ɗaure ruwa ya ɓalle, sun tashi aiki, motar kuma ta koma wa kaji.

Abokin aikina Sale, wanda tare muka yi koyo, ana ce masa Jan Gam. Mutumin nan komai jan gam yake lafta masa: gaskit, bokiti, har takalminsa. Ni kuwa na sayo wani shuɗi a Kano, mai shagon ya ce ba ya bushewa. Gaskiya ni ma ban taɓa aiki da shi ba.

Sale ya taɓa shi da yatsa ya kece da dariya. "Gam ɗin da ba ya bushewa ai ba gam ba ne, kunu ne!"

Na ce, "Kai kuma da za a bar ka, hancinka ma sai ka liƙe da ja."

Muka yi ta musu har na harzuƙa na jefar da sifana. Can sai Sale ya ce, "Tsaya. Sabuwar robar Baba ba ta gwaji ba ce. Mu gwada da tsofaffin da muka cire."

Muka samo ƙarafa masu faɗi, muka matse tsohuwar roba da ja a wasu, da shuɗi a wasu, muka bar su suka kwana. Washegari muka ari wutar Malam Audu mai shayi, muka dafa su a tsohuwar tukunya don su ji zafi irin na inji. Jama'a suka taru. Malam Audu yana ta cewa, "Yau kuma miyar ƙarfe za a sha?"

Da muka kwance, sai ga jan ya tsattsafo gefe ya daskare zare-zare, har ya ture robar daga mazauninta. A cikin inji, zaren nan hanyar ruwa zai toshe. Shuɗin kuwa yana nan da danƙonsa, robar ko motsi ba ta yi ba. Sale ya daɗe yana juya ƙarfen, sannan ya cusa jan gam ɗinsa a aljihu ya ce masa, "Kai dai ka huta yau." Da hannunsa ya shafa wa sababbin robobin shuɗin, siriri, kamar mai sa kwalli.

Ranar da za mu tayar da motar, aka kawo Baba ya ɗora tafinsa a kan bonet. Na murɗa makulli, ta yi tari ta yi shiru. Na sake murɗawa, sai ta kama da wani irin kuka mai santsi. Sale ya leƙa salansa, babu ɗigon ruwa, ya daka tsalle yana "Allahu akbar!" Ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba.

Abin da na koya ke nan: abin da hannunka ya saba da shi ba shi ne maganin kowane inji ba, kuma kayan da ba su da na biyu ba a musu a kansu, gwadawa ake yi a gefe. Sannan ba kowa ne yake kawo mota don ya hau ba.

Baba bai ɗauke hannunsa ba. Yana dariya, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ita ce, Idi. Kada ka kashe tukuna. Da marigayiya na nan, yanzu da ruwan wanka ya hau wuta."