Jan Ƙyallen Ladi

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, kwana huɗu bayan Sallar Layya, ina da shekara tara a duniya, na hango wani jan abu yana motsi a jikin dutse. Ina zaune a kan jakin Kawu Sule, ƙanen mahaifiyata, ƙafafuna sun yi tsami, domin tun da sassafe muka baro Tudun Wada. Da farko na ɗauka fure ne. Sai furen ya ɗago, ya juyo yana kallonmu da manyan idanu baƙaƙe kamar an zizara musu kwalli. Ashe barewa ce tsaye a kan falalen dutse, da jan ƙyalle ɗaure a wuyanta. Ban san lokacin da na damƙi hannun rigar Kawu ba. Ya yi dariya ya ce, "Ladi ce, ta fito taryen baƙuwa." Bayan na tsufa na karanta littattafan soyayya da yawa, irin waɗanda jikokina ke sayowa a kasuwa, kuma duk inda marubuci ya ce zuciyar wani ta buga a ganin farko, ni wannan hantsin nake tunawa.

A lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba, Tudun Wada kuwa sabuwar unguwa ce a bayan ganuwa, cike da baƙi daga ko'ina. Babana tela ne, yana ɗinka wa ma'aikatan jirgin ƙasa riguna a zauren gidanmu. Na tashi cikin ƙarar keken ɗinki da kukan jirgi, da wasan carafke a tsakar gida, da tsince ƙyallaye a ƙarƙashin keken Baba ina yi wa 'yar tsanata zannuwa. Ban taɓa ganin dabbar da ta wuce akuya da jaki da raƙumin fatake ba. A waccan shekarar Innarmu ta haifi tagwaye, gida ya cika da 'yan barka da hayaƙin ruwan wanka, sai Kawu ya ce a ba shi ni in yi rani a wurinsa. Abin da na fi ji da shi a cikin ƙunshin kayana shi ne kallabina na Sallah, rinin shuni, wanda aka buga har yana sheƙi.

Gidan Kawu yana gindin wani dutse a yamma da gari, shi kaɗai, ba maƙwabci sai wata rugar Fulani da ake hango hayaƙinta. Ɗakuna uku ne na jinka, da rumbu biyu, da dangar awaki. Gaban gidan gona, bayansa dutse, gefensa kuma rafi wanda ya gangaro ya taru a wani gurbi mai zurfi a ƙarƙashin itatuwan kanya. Da damina Kawu manomi ne, da rani masunci kuma maharbi. Matarsa Inna Delu doguwa ce mai ƙarfin murya, Allah bai ba su haihuwa ba, ta karɓe ni kamar ta daɗe tana jira. Aikina shara, da ɗebo ruwa a ƙaramin tulu, da korar zabin daji daga shanyar dawa. Sauran yinin nawa ne. Nakan hau dutse in zauna ina kallon remaye, 'yan dabbobin dutse masu kama da zomo, sun jeru suna shan hantsi kamar tsofaffi a ƙofar masallaci. Birai kan sauko su saci gyaɗa, Inna ta bi su da muciya tana yi musu Allah ya isa. Na ga damo, na ga bushiya, na ga sawun kura a bakin rafi, na ga gauraka biyu suna rawa a fadama har na manta da tuluna. A raina na mayar da dutsen nan fada, ni ce gimbiya, duk waɗannan kuwa fadawana ne.

Ranar kamun kifi ta fi kowace daɗi. Kawu yakan kwanta a kan babbar gora, ya tura kansa tsakiyar gurbi da koma, wato ragar kama kifi, a hannu biyu, ni da Inna muna bakin ruwa da masaki. In ya ɗago sai ka ga tarwaɗa tana bulala, da karfasa masu sheƙin azurfa, da ƙurungu mai ƙara kamar yana gunaguni. Ƙananan kuwa yakan mayar da su ruwa, yana cewa, "Ku je ku girma, ina nan." Ya yi mini fatsa da sillen kara, ya koya mini zama shiru, abin da Innarmu ta kasa koya mini shekara tara. Da yamma Inna Delu takan jera kifin a kan ragar banda, ƙamshi ya cika gidan, mu ci tuwon dawa da miyar kuka da tarwaɗa har in kasa tashi.

Duk inda na je Ladi na biye da ni. A bakin Inna na ji labarinta. Wata Lahadi Kawu ya harbi barewa, da ya isa wurin sai ya ga nononta cike, ga jaririya kwance a cikin ciyawa. Ka'idar maharban yankin ita ce, wanda ya kashe uwa mai shayarwa shi zai riƙe ɗanta, kuma ya ɗaura masa jan ƙyalle, domin duk maharbin da ya hango ja ya sauke bakansa. Inna ta shayar da ita nonon akuya da tsumma, ta saba mata da kira: in ta buga bayan ƙwarya da ludayi sau uku, ko ina Ladi take sai ta sheƙo ta ci dussa. Na ji wannan bayani, amma na ji shi da kunnen 'yar tela. Abin da na fahimta kawai shi ne ƙyalle yana nuna dabba tana da masu ita. Abin da ya dame ni kuwa, ƙyallen ya yi dauɗa, gefensa ya zare, bai dace da wuya mai kyau irin nata ba.

Da rani ya yi nisa aka sa ranar babbar farauta. Kwana biyu kafin nan an ƙone dajin da ke bayan dutse, ƙasa ta yi baƙi ƙirin har iyakar ganin ido. Maharban ƙauyuka za su taru a can, su koro namun daji zuwa gindin dutse, da la'asar kuma su biyo ta gidan Kawu su sha ruwa a raba nama. Kawu ya rataya kwarinsa ya fita da sassafe, Inna ta shigar da Ladi dangar awaki ta rufe. Ni kuwa da na ji za a yi baƙi, sai tunanin Tudun Wada ya zo mini, inda ba a tarbar baƙo da tsumma. Na lallaɓa cikin danga, na kwance jan ƙyallen, na ɗaura mata kallabina na shuni, na yi masa ɗauri mai kunne biyu irin na 'yan matan unguwarmu. Na ja da baya na dube ta, na ga ko amarya albarka. Sannan na tsoma jan ƙyallen a ruwan toka na shiga cuɗawa.

Ina cikin wankin aka busa ƙaho a bayan dutse, karnuka suka ɗauki haushi, ganga ta amsa. Ladi ta zabura, ta yi tsalle ɗaya ta haye dangar, ta nufi dutse kamar an harba kibiya. Na kwarma ihu. Inna ta leƙo daga madafa, ko a jikinta, ta ce, "Ƙyale ta, ba yau ta fara ba. Da jan ƙyallenta ba mai taɓa ta." Sai idonta ya sauka a kan hannuna, ruwa na ɗiga daga abin da nake ɓoyewa a bayana.

"Asabe, mene ne wannan?"

"Wanke mata nake yi, Inna. Na ɗaura mata nawa, ya fi kyau."

"Naki na shuni? A ƙonannen daji? Innalillahi! Wa zai ga baƙi a cikin baƙi?"

Ba ta dake ni ba, ba lokaci. Ta fizgi ƙyallen ta ɗaura a kan sandar kora awaki, ta danƙa mini ƙwarya da ludayi, ta ce in biyo ta. Mata ba sa shiga filin farauta, amma ran nan Inna Delu ta tattare zaninta ta hau dutsen nan kamar budurwa. Ina binta ina tuntuɓe, ƙaya na yagar ƙafafuna, ƙirjina na bugawa fiye da gangar maharba. Da muka kai ƙoli sai ga dajin shimfiɗe a gabanmu, baƙi, hayaƙi na tashi nan da can. Maharba sun yi dogon layi suna matsowa, zomaye da gada suna ta tsere a gabansu. Ladi kuwa ba alamarta.

"Buga!" in ji Inna. Na buga sau uku. Shiru. Na sake bugawa, hawaye na zuba a kan ƙwaryar. A karo na uku sai na ga wani abu ya fito daga tsakanin duwatsu biyu a can ƙasa, ya miƙe kunnuwa. Ta ji kira. Amma kafin ta iso gare mu sai ta ratsa fili, a filin kuwa akwai Baba Tanko, maharbin da ake cewa kibiyarsa ba ta taɓa komawa kwari da kunya ba. Ina kallo ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya ɗana, ya ja tsarkiya har kunnensa. Inna tana kaɗa sandar tana ƙwala masa kira, iska na mayar mata da muryarta. Kawu yana can ƙarshen layi, ya yar da bakansa yana gudu. Ni dai na ci gaba da buga ƙwarya, domin ban san abin da zan yi ba in na daina.

Ladi ba ta kauce masa ba yadda ta daji za ta yi. Ta wuce ta gabansa kusa ƙwarai, kunnuwan kallabina suna filfilawa. Sai na ga bakan ya yi ƙasa a hankali. Baba Tanko ya miƙe, ya daka wa karensa tsawa, ya riƙe ƙugu yana bin ta da kallo har ta hau dutsen ta tura bakinta cikin ƙwaryar da ba ko ƙwayar dussa. Na rungume wuyanta.

Da la'asar maharba suka cika ƙofar gida, ni ina ɓoye a bayan rumbu. Na ji Baba Tanko yana cewa, "Sule, saura ƙiris in raba ka da 'yarka. Na ja baka ke nan sai na ga ɗauri mai kunne biyu. Na ce shekara arba'in ina daji ban taɓa ganin barewa ta ci ado za ta biki ba. In aljana ce, ba ruwana da ita. In kuwa ta Sule ce, to, ta zama 'yar birni." Wurin ya kaure da dariya. Kawu ya kira ni, na fito ina jan ƙafa. Bai yi faɗa ba. Ya sa na kwance kallabin da hannuna, na mayar da jan ƙyallen a gaban kowa, sannan ya ce, "A gari ana ɗaura ƙyalle don a yi kyau. A nan don a rayu ake ɗaurawa." Ya ninke kallabina ya jefa a burgaminsa, jakar fatar da yake ratayawa in zai shiga daji. Na ɗauka horona ke nan, ban kuwa taɓa tambayarsa ba.

Na ƙara yin rani uku a gindin dutsen nan. A na ƙarshe wani kishimi, wato namijin barewa, ya riƙa tsayawa a bakin rafi da yamma yana kallon gidanmu, wata rana kuwa Ladi ta bi shi. Inna ta buga ƙwarya har ta gaji. Da kaka Fulani suka ce sun ga barewa mai jan wuya da ɗa a bayanta. Na yi kuka, amma ko a lokacin zuciyata ta ba ta gaskiya.

Yanzu in na tsaya a ƙofar gidanmu ba na hango komai sai rufin kwano da wayoyin lantarki. An ce mini gidaje sun kai gindin dutsen, masu fasa dutse sun cinye gefensa, gurbin kanya kuma ya zama wurin wankin babura. Jikokina sun san barewa a hoton littafi ne kawai. Kawu Sule, bayan rasuwar Inna Delu, idanunsa suka yi rauni, muka ɗauko shi ya dawo Tudun Wada wurina. Yakan yini a zaure yana saƙa koma da lalube, ko da yake ba ruwan da zai jefa ta, in yara sun taru ya kwaikwaya musu kukan gauraka. Da Allah ya karɓi abinsa, aka miƙo mini burgaminsa in duba. Na sami ƙugiyoyi uku, da ƙahon busa, da wani abu a can ƙasa nannaɗe cikin fata. Kallabina ne, shunin ya koɗe, amma ninkin yana nan yadda ya yi shi a gaban maharba. Ashe ba horo ba ne, ajiya ce.