Allurar da Na Yi wa Wadda Ba Ita Ba

Shekarun baya, lokacin ban fi shekara biyu da fara aikin jinya ba, ina sashen gaggawa na wani asibiti a nan ɓangarenmu na Gwarzo, na tafka wani kuskure da ban taɓa ba ku labarinsa ba. Tsohuwar da abin ya shafa ta yi shekaru bayan haka kafin Allah Ya karɓi ranta, iyalanta kuma sun daɗe da yafe mini, shi ya sa na ga yau zan iya faɗa.

Damina ce, irin watan nan da zazzaɓin sauro ke cika mana gadaje har sai an shimfiɗa tabarmi a baranda. Na kwana a bakin aiki, da ƙarfe takwas na safe ya kamata abokiyar aikina ta karɓe ni, sai ta bugo waya cewa ɗanta ba lafiya, ba za ta iya fitowa ba. Shugabar sashenmu, wata dattijuwa da duk muke kira Mama, ta tambaye ni ko zan iya riƙewa zuwa azahar. A lokacin ina ji da kaina, burina a ce yarinyar nan ba ta gajiya. Na ce mata ko zuwa magariba ne zan iya. Na watsa ruwa a fuska, na sha shayi a tsaye, na koma ɗaki.

A ɗakin mata akwai tsofaffi biyu a gadaje maƙwabta, kuma sunansu ɗaya. Ta farko daga Unguwar Tudu aka kawo ta, ciwon suga ne ya tayar mata, likita ya rubuta a riƙa yi mata allurar insulin kafin ta ci abinci. Ta biyun daga Kabo take, amai da gudawa ne suka galabaita ta, ta sha ƙarin ruwa, da safe likita ya sallame ta, tana jiran ɗanta ya samo mota. A kaina na riƙe su da gado: mai suga ta bakin taga, 'yar Kabo ta kusa da ƙofa. Abin da ban sani ba, lokacin da na fita karɓar wani da ya faɗo daga mashin, ruwan sama ya fara feso wa ta bakin taga, sai masu jinyarsu suka musanya musu gado, tunda ɗayar dama tafiya za ta yi.

Wajen goma da rabi na zuƙo allurar na nufi gadon bakin taga. Tsohuwar tana lulluɓe da zane. Na kira sunan, ta amsa. Na ce, "Inna, allurarki." Ta miƙo hannu ba musu, na yi mata, har ta sa mini albarka. Ban duba kati ba, ban kalli fuskarta da kyau ba. Idona a buɗe yake, amma ni kaina na san rabina barci yake yi.

An fi rabin awa, ina wanke wa mai mashin ciwonsa, sai 'yar mai ciwon suga ta zo ta tsaya a bayana. Ta ce abincin mahaifiyarta yana hucewa, kuma na ce kada ta ci sai an yi mata allura. Na ce ai na yi mata. Ta ce a'a, ba a yi ba. Na bi ta ɗakin, na tarar da mai suga zaune a gadon kusa da ƙofa tana jirana. Gadon bakin taga babu kowa, har an naɗe zanin gadon.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Tsohuwar da ba ta da ciwon suga, wadda ta kwana biyu ba abin da ya zauna a cikinta, na yi mata allurar da ke janye suga daga jini, kuma ta tafi. Na san abin da zai biyo baya tun daga makaranta: zufa, jiri, barci mai nauyi, daga nan idan ba a kai ɗauki ba, shi ke nan.

Na shige ɗakin ajiyar magani na rufe ƙofa. A nan ne zuciyata ta fara raya mini cewa babu wanda ya gani. Idan na sake zuƙo wata na yi wa mai suga, littafi zai daidaita. Idan wani abu ya sami waccan a gida, za a ce tsufa ne da jinya. Na tuna mahaifina da ya sha wahala kafin na gama makaranta, na tuna takardar shaidar aikina da za a iya ƙwacewa. Ban san minti nawa na yi a tsaye ba, ina kallon kwalaben ruwa a kan kantar magani. Abin da ya fito da ni shi ne albarkar da tsohuwar ta sa mini.

Na sami Mama a teburinta na faɗa mata. Na zaci za ta yi mini faɗa. Sai kawai ta kalli agogon bango ta ce, "Ƙarfe nawa kika yi mata? Ta ci wani abu?" Na faɗa mata. Ta buga lambar da ke jikin katin, wayar a kashe. Adireshin kuma Kabo kawai aka rubuta. Motar asibiti ta tafi Kano da wani marar lafiya tun safe. 'Yar mai suga ce ta cece mu, ta ce ta ji ɗan tsohuwar yana cewa faci yake yi a kusa da tashar Kabo.

Mama ta zuba mini ruwan suga mai ƙarfi na allura, da sirinji, da na'urar gwajin suga a leda, ta kira wani abokin aikinmu na ɗakin gwaji mai mashin. Ta ce ita za ta kula da ɗakin, ni in tafi, tunda ni na san fuskar matar. Ban iya ce mata ko fuskar ban kalla sosai ba.

Ni da nake sauka daga mashin idan mai shi ya cika gudu, ranar ni ce nake cewa ya ƙara wuta. Titi a jiƙe, gonakin dawa da masara suna wucewa ta gefe, ni kuwa duk motar da muka tarar a tsaye sai na leƙa ciki, ina tsoron in ga an kewaye wata ana salati. Addu'ar da na sani duk na yi ta, wata ma na fara ta na manta ƙarshenta.

A Kabo muka tarar da rumfar facin a rufe. Wani dattijo mai sayar da goro a gefe ya ce ya san gidan, ya bar tirensa ya shige mana gaba. Muka sami ɗan tsohuwar a ƙofar gida, magidanci ne mai ɗan furfura. Ya fara gaishe mu da fara'a, yana tambayar hanya da ruwa, na katse shi na ce ina Inna. Ya ce alhamdu lillahi, tun a mota barci ya ɗauke ta, sai ɗaukarta suka yi zuwa ɗaki, rabonta da irin wannan barcin an kwana biyu. Har ya roƙe ni kada a tashe ta.

Ban jira izini ba na shige. Tana kwance a kan katifa, bakinta a buɗe, tana wani irin munshari. Na taɓa goshinta, sanyi ƙalau, zufa ta jiƙa ɗankwalinta. Na kira ta, na girgiza ta, na matsa farcenta, ko motsi. Na gwada jininta, na'urar ta ƙi ma nuna lamba saboda sugan ya yi ƙasa da abin da take iya karantawa. Matan gidan da suka ga yanayina suka fara kuka.

Jijiyar tsohuwar da ta sha gudawa ba ta samuwa da sauƙi. Na soka na farko ban samu ba. Abokin aikina ya durƙusa ya riƙe mini hannun nata, ya ce a hankali, in ja numfashi. A bayan tafin hannunta na samu. Na fara tura ruwan sugan, ina ƙirga numfashinta, ina ji kamar nawa ne zai tsaya. Sirinji na farko ya ƙare ba abin da ya canza. Ina tsakiyar na biyu sai yatsunta suka motsa, ta yamutsa fuska, ta buɗe ido. Ta kalli matan da ke kuka ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wa ya rasu?"

Na sa aka dama mata koko da suga mai yawa, na ce dole mu koma da ita asibiti, don allurar ba ta gama aikinta a jikinta ba. A zaure ɗanta ya tare ni yana ta godiya, yana cewa bai taɓa ganin ma'aikatan da suka biyo marar lafiya har gida ba. A zatonsa ciwon ne ya dawo, mu kuma muka hango. Da na yi shiru, da a haka zai tafi. Na ce, "Malam, ba ciwonta ba ne. Ni na yi mata allurar da ba tata ba."

Ya ce, "Wato da ba ki zo ba, da la'asar za mu kai ta, mu ce kwana ne ya ƙare." Kwana biyun da ta ƙara yi a wurinmu, ko gaisuwata ba ya amsawa, kuma ban ga laifinsa ba. Ita tsohuwar ce ta sa aka kira ni ranar da za su tafi, ta ce ta ji komai, ta yafe, in je gida in yi barci don idona ya faɗa.

An zauna a kaina, an ba ni takardar gargaɗi. Abin da ban zata ba, a rahotonta Mama ta rubuta cewa ita ta bar ni a bakin aiki bayan na kwana ban runtsa ba, don haka laifin na mutum biyu ne. Daga ranar muka fara liƙa filasta a hannun kowane marar lafiya da sunansa da garinsu, kuma muka daina kiran suna a amsa mana, sai dai mu ce mutum ya faɗi nasa da bakinsa. Na fi wata guda idan na ɗauki sirinji sai na ajiye na sake duba kati sau uku, abokan aiki har tsokanata suke yi.

Yanzu ni ce nake tsara wa wasu lokutan aiki. Idan yarinya ta ce mini za ta iya zarcewa bayan ta kwana, na san da gaske take, kuma na san ba za ta iya ba. Bara wasu masu bincike suka zo da takardun tambayoyi a kan gajiyar ma'aikatan jinya da lafiyar marasa lafiya. Akwai tambayar ko ka taɓa yin kuskure saboda gajiya. Na ga ƙannena na wurin aiki suna satar kallon juna, kowa alƙalaminsa a sama. Na zaɓi e, na ɗaga takardar yadda za su gani, sannan na ba su wannan labarin. Na gaya musu allurar ba ita ce ta fi ba ni tsoro ba har yau. Mintunan nan da na yi a ɗakin magani ina shawarar yin shiru, su ne suke tsinka mini zuciya, domin na san saura kaɗan na yarda.