Na Hau Dutsen Peru Ba Sallama

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da na hau doki a wani dutse mai launi-launi a ƙasar Peru, numfashina na neman ƙwacewa, kuma duk duniya ba wanda ya san inda nake.

Lokacin ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Manchester. Shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, yau a rufe wannan, gobe a sallami wancan. Zauren unguwa da mu 'yan Arewa muke haɗuwa ran Asabar, mu ci waina mu taɓa gulma, aka garƙame shi. Aminiyata da ke zaune a saman benenmu tana cikin waɗanda aka rage a wurin aiki. Da ta samu wani a Birmingham sai suka tattara, ita da maigidanta da yara da mahaifiyarta Hajiya, wadda ta riƙe ni kamar 'yar cikinta tun da ta ji iyayena sun rasu. Suna tafiya benen ya yi tsit. Nakan wuni ban yi Hausa da kowa ba, sai in na ƙone da tukunya.

Ni da aminiyar tawa muka fara ganin hoton dutsen, muka yi alkawarin zuwa tare. Da hutuna ya zo, ita sabon aiki ya ɗaure ta. Sai na shirya ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Ba fushi nake ba. Gani na yi kowa na fama da kansa, kuma zaman Turai ya riga ya koya mini jan ƙofa in kama hanya, ba sai na gaya wa kowa ba.

Mota ta kai mu gindin dutsen da hantsi. Ina saukowa na ji kaina ya sara, don iskar wurin ba ta cika ƙirji. Mai yi mana jagora ya ce wanda ba zai iya tafiyar ƙasa ba ya hau doki. Ni da ko jaki ban taɓa hawa ba! Wata mata gajeriya mai faffaɗan siket da jar hula ta jawo wani ɗan guntun doki mai gashi buzu-buzu, ta turo ni sama kamar buhun gero. Na ƙanƙame sirdi ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Ita kuwa tana gaba riƙe da linzami, tana tafe tana saƙa.

Kusa da ƙololuwa hanya ta gagari doki, dole na ƙarasa da ƙafa. Da na ɗaga kai sai na ga dutsen: ja, ruwan ɗorawa, kore, ruwan toka, layi bisa layi, kamar an jera atamfofi a kanti. Na ce Subhanallah, na juya in ce wa wani ya duba. Kowa na da nasa. Miji na ɗaukar mata hoto, abokai na dariya. Na mayar da maganata ciki.

Nan jiri ya ɗebe ni, na zube a kan tsakuwa. Ina shaƙar iska amma kamar ba ta shiga. Mutuwar kanta ba ta tsorata ni kamar abin da zai biyo bayanta ba. Wa zai yi mini wanka a nan? Wa ya san inda gabas take? A wurin aiki za su ɗauka hutu na ƙara. 'Yan'uwana a Kano sai Sallah ta zo su ji waya ba ta shiga. Jagoran ya durƙusa ya tambaye ni da Turanci da wa na zo. Na ce ni kaɗai. Ya ce wa za a sanar? Hawaye ne ya amsa masa.

Mai dokin ce ta hauro, ta murza wani ganye a tafinta ta kanga mini a hanci. Ita da jagoran suka tallafe ni har kan doki. Duk gangarowar nan hannunta ɗaya na kan linzami, ɗayan na riƙe da idon sawuna, tana ta magana a harshen da ban ji ko kalma ɗaya ba.

Na dawo Manchester ana yayyafi. Ba wanda ya ce mini sannu da hanya. Ran Asabar na kasa zama, na hau jirgin ƙasa sai Birmingham, sai gidan aminiyata a unguwar Sparkhill. Ina nuna wa aminiyata hotuna, Hajiya ta ajiye carbi.

"Wannan wace ƙasa ce?"

Na faɗa mata, har da faɗuwar da na yi.

"Kika tsallaka bangon duniya ba sallama? Ke 'yar gidan wa ce?"

"Hajiya, na ga kowa is busy ne. Annual leave ce kawai, ban so in dame ku."

"Bizi! Ni da nake zaune ina gadin hitar ɗumama ɗaki? Da kin mutu a can, ina nan ina ajiye miki yajin daddawa ban sani ba." Ta ɗauki carbinta. "Daga yau ko unguwar Rusholme ta cikin garinku za ki sayen nama, ki kira ni."

Haka kuwa aka yi. Duk inda za ni sai na kira, ta ce Allah ya tsare, in na dawo ta ce sannu da hanya.

Bayan wasu shekaru ciwo ya ci ƙarfinta, ta ce a mai da ita Kano. Ina bakin aiki ta kira daga filin jirgi, murya can ƙasa.

"'Yata, ni zan wuce gida. Na kira in yi miki sallama ne. Ki yafe ni."

Na ce mata, "Ki sauka lafiya, sai kin dawo." Ba a rufa wata biyu ba aka yi jana'izarta.

Abin da na koya shi ne sallama ba damun mutane ba ce, ba su hakkinsu ne na su jira ka. Har yau ba na fita gari ban gaya wa wani ba, amma in na dawo, waya a hannu, sai in ɗan tsaya a bakin ƙofa kafin in tuna Hajiya ba ta nan.