Ilu Makaniki, Wanda Ya Ƙi Taɓa Injin Motata

Ina karyawa da safen nan 'yarsa Hadiza ta kira ni daga Jibiya. Ilu ya rasu bayan sallar asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa.

Yawancinku ba ku san shi ba. Makaniki ne, garejinsa na bakin hanyar Maraɗi, kafin a kai shingen kwastan. Mun saba tun shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya shiga neman mota. Ni ina malamin gona a lokacin, na sayi sabuwar salun fara, ledar kujerunta ma ban cire ba.

Mu biyar ne masu haukan mota. Kullum bayan la'asar muna kan bencin garejin Ilu muna tsara yadda ya kamata kamfani ya ƙera sabuwar da za ta fito. Wannan ya ce a sa mata giya biyar. Wancan ya ce iyakwandishan da rediyo mai kaset. Wani direban Nijar da ke zama da mu shi faɗin taya ne damuwarsa. Ni kuwa gudu kawai nake so.

Ilu yana ƙarƙashin wata babbar mota zai jefo tasa: "Ku ce su ɗaga mata ciki, su ba ta babban lagireto, su sa birkin da ya hi injin ƙarhi. Wanda ya ƙera wagga bai taɓa ganin hanyar Riko da damina ba."

Sai mu yi dariya, mu ce tsohon kai gare shi. Alhali sa'anmu ne.

Wata rana na ce ya taɓa mini kafireto, ya buɗe salansa, motar ta ƙara wuta. Ya goge hannu ya ce, "Malam Sani, birkinta na gudun da aka yi ta da shi ne. In na ƙara mata, mi zai tsaida ta? Ba ni yi."

Na ji haushi. Na tsallaka Maraɗi, wani ya yi mini aikin cikin yini guda.

Bayan sati biyu na ɗauki ƙanensa Sa'adu za mu Katsina. Sabon ango ne, zai sayo wa amaryarsa keken ɗinki. Wajen Magama garken shanu ya shigo titi. Na taka birki har ƙasa, motar ba ta tsaya ba. Na kauce, muka daki bishiya.

Ni ƙafa na karye. Sa'adu bai kai asibiti ba.

Ilu da kansa ya je ya jawo motar. Ya buɗe bonet, ya ga aikin da aka yi mata, ya rufe. Haka mutanen da ke wurin suka gaya mini. Kwana uku bayan jana'iza sai ga shi a gefen gadona da kwanon fura, matarsa ta dama. Wata biyu ina kwance, duk Juma'a sai ya zo. Da mahaifiyata ta zo dubiya daga ƙauye, a gidansa ta sauka.

Bai taɓa ce mini "ai na gaya maka" ba. Da ya faɗa, ina jin da na fi samun sauƙi.

Da na warke na nemi canjin wurin aiki zuwa Kaduna. Gaskiya gudunsa na yi. Shi kuwa duk wanda zai zo wajenmu sai ya ba shi saƙo: wake, ko kilishi, ko cukun Nijar. Ranar sunan ɗana na fari ya biyo motar shanu ya zo.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan ƙaramar sallah ce. Idonsa ya tafi, yana zaune a zaure kan buzu, da muryata ya gane ni. Muka yi hirar mutanen benci, duk sun rasu sai mu biyu. Da zan tashi na dafa gwiwarsa na ce, "Ilu, maganar Sa'adu. Ban taɓa neman gafararka ba."

Can ya ce, "Shekara guda na yi ba ni son jin sunanka, ko da nike kawo maka hura. Ina zuwa ne don kada zuciyata ta saba da ƙinka. Daga baya ta bari. Tashi ka tahi, rana na yi."

Na ce zan dawo da babbar sallah. Ban dawo ba.

An yi jana'izarsa ƙarfe goma, ina nan Kaduna. Gobe in sha Allah zan kama hanya in yi wa iyalinsa gaisuwa. Hadiza ta ce kusa da Sa'adu aka samu wuri.

Allah Ka jiƙan Iliyasu, Ka yafe masa kamar yadda ya yi ta fama har ya yafe mini. Ka haskaka kabarinsa da na ƙanensa, Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi musu addu'a su biyun, ya ambaci sunansu. Ni ma ku sa ni a ciki.